Wai Ni Ce Marowaciya?

Assalamu alaikum Anti. Dangin mijina sun sa mini suna marowaciya, abin yana ci mini rai. Ni da nake tattalin dukiyar ɗan'uwansu! Mu bakwai ne a gida, shinkafa gwangwani shida nake aunawa da rana, man gyaɗa ludayi biyu, ragowar tuwo in yi ɗumame da safe. Wannan ce rowa? Ƙanwarsa ta turo yaro a ba ta kwano biyu na wake, na ce babu, don azumi na ajiye wa, ga shi ma ƙwari sun cinye kusan rabin buhun. Tun ranar ba ta amsa gaisuwata, har a gidan suna ta ce ga mai maƙo ta iso. Shi kuma ya yi shiru. Tattali fa nake yi, Anti, tattali. In ban auna ba, wa zai auna?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba na son yanke hukunci ban ji ta bakinta ba, amma waken nan da ƙwari suka ci ya tsaya mini a rai.

Awon shinkafa da ɗumame tsimi ne, ba mai zarginki a kai. Ajiye wake don azumi tanadi ne. Tattali kuwa kula da abu ne kada ya lalace, kuma nan kika gaza. Wake sai an shanya shi ya bushe ƙarau, a sheƙe, a cika busasshiyar jarka har baki, a toshe murfin da leda, ko a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban. Iska na ƙarewa ƙwarin za su mutu. Yawan buɗewa ke ɓata aikin, don haka ki ware na ci daban.

Rowa ita ce hana mai bukata abin da kike da shi. Ƙwauro, a bayar amma a tauye. Mai maƙo kuwa ko kansa ba ya ci, wannan kam ta ƙara miki gishiri. Amma kin ce "babu" alhali buhu na jingine a sito, kwano 40 ke nan in cikakke ne. Biyu daga ciki ba za su hana ku ƙosan buɗa-baki ba. Rowa ce, har da ƙarya a ciki.

Mata, ku daina fakewa da kalmar tattali. Aya ta 29 a Suratul Isra'i ta hana ƙuntata hannu zuwa wuya, kamar yadda ta hana shimfiɗa shi gaba ɗaya.

Ki tsince waken da ya rage, ki sanar da maigidanki, ki auna kwano uku ki kai mata da kanki. Kada ki aiki yaro.