Ba matsalar Amurka ce kaɗai ba

Malam, ka tambaya ko ƙyamar kimiyya da 'yan siyasa ke yi a Amurka kaɗai take. Ina! Mu nan Sudan mun ɗanɗana kuɗarta. A 2003 gwamnatin Kano, zaɓaɓɓiya ce fa, ta dakatar da rigakafin shan inna bisa raɗe-raɗin wai yana hana haihuwa. Kafin a dawo da shi a Yulin 2004, cutar ta riga ta ɓulla a Darfur da ke nan Sudan, daga baya ta kai Yaman da Indonesiya. Tsoron jama'a yana da dalili, don ba a manta gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Amma aikin shugaba ne ya saurari likitoci ya wayar da kan talakawa, ko da ƙuri'a za ta ragu. Bayan yaɗuwar cutar ne Saudiyya ta wajabta wa maniyyatan Najeriya rigakafin.