An doki ƙanena ya rasu bayan kwana uku: dole ne sai an binciki gawarsa?

Malam, Allah ya jiƙan ƙanenka, ya ba ku haƙurin rashi. Ka ce an doke shi da gora a haƙarƙarin hagu, ya tashi ya koma gida da ƙafarsa, ya cika bayan kwana uku, kuma dattawan gida suna so ku yi takardar rantsuwa a kotu cewa ba ku yarda a taɓa gawar ba. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar sa hannu.

A ƙarƙashin haƙarƙarin hagu saifa take, kuma idan ta fashe jini yakan riƙa taruwa a cikin ciki ba tare da an ga rauni a fata ba, har mutum ya yi kwanaki yana yawo kafin ya faɗi. Likitan binciken gawa ne zai buɗe ya duba saifa da hanta da ƙoda da huhu da zuciya, ya auna jinin da ya taru, ya rubuta abin da ya yi ajali. Kwana ukun nan su ne ƙofar da lauyan wanda ake tuhuma zai bi, domin kafin a hukunta mutum da sashe na 221 na Penal Code, dokar laifuka ta Arewacin Najeriya, wanda ya shafi kisan kai, sai an tabbatar cewa dukansa ne ya kashe, lauyan kuwa zai ce zazzaɓi ne ko hawan jini. Kotuna kan yanke hukunci ba tare da rahoton likita ba idan mutum ya mutu nan take a gaban shaidu, amma naku bai faɗa cikin wannan ba.

Ka kuma sani cewa a mutuwar da ake zargi, alƙalin binciken mutuwa, wanda galibi majistare ne, yana da ikon ba da umarnin binciken ko dangi ba su so, har ma ya sa a tono gawa bayan binnewa, abin da ya fi wancan ɗaci.

Gaggauta jana'iza abu ne da addini ya kwaɗaitar, shi ya sa nake ganin ku rubuta wa alƙalin da ɗan sandan da ke riƙe da maganar yau ɗin nan ku nemi a yi aikin cikin hanzari, ku roƙi izinin likitanku ya halarta, a ɗinke gawar a ba ku ita. Ku adana katin asibiti da takardun magani, ku rubuta sunayen waɗanda suka ga dukan. Idan kuwa kun zaɓi yafiya, ku sani shari'ar kisa a hannun gwamnati take, amma ba tare da rahoton ba da wuya ta yi nisa.