An kashe yayana, shari'a ta ƙi ƙarewa: za mu iya ramawa?

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Shekara shida ke nan da aka kashe yayana kan iyakar gona. Kotu ta yanke wa mai laifin hukuncin kisa, ya ɗaukaka ƙara, har yau shiru. Wani ɗan boko ya ce mana tsarin mulki ma ya hana hukuncin kisa. Samarin gidanmu sun ce in haka ne za su rama a kan ƙanin mai laifin. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya jiƙan yayanka, Ya ba ku haƙuri. Bai halatta ba. Ƙanin nan bai kashe kowa ba, wanda ya taɓa shi sabon kisan kai ya yi, shi ma ƙisasi ya hau kansa. Aya ta 33 a Suratul Isra'i da ta ba waliyyin jini, wato magajin wanda aka kashe, iko, ita ce kuma ta hana shi wuce iyaka. Ko shi mai laifin, ku masu neman ƙisasi ne, zartarwa aikin hukuma ne.

Ɗan bokonku bai karanta da kyau ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya kare rai, amma ya toge hukuncin da kotu ta yanke, kuma tun 1998 Kotun Ƙoli ta ce hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba. Sharuɗɗa aka gindaya: laifin ya kasance rubutacce a doka, a saurari wanda ake tuhuma, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, sannan gwamna ya sa hannu. Ban ga abin ƙi a nan ba, don fiƙihunmu ma ba ya zubar da jini a kan shubuha. Jinkirin shekaru dai zalunci ne ga gidajen biyu.

Inda nake da ja shi ne sashe na 212, da ya ba gwamna ikon afuwa. A shari'a yafe ƙisasi haƙƙin magada ne. Kuna iya yafewa kyauta, ko ku yi sulhu a kan diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000. Ko kun yafe, a mazhabar Malik sai an yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. In kisan gilla ne, wato aka yaudare shi aka kashe, wannan kam babu yafiya.

Ka tara magadan yayanka, har da dattawan gidan, ku tsayar da magana ɗaya, lauyanku ya kai wa kotu. Samarin nan kuma ka kai su gaban liman da dagaci tun yau.

Wallahu a'alam.