Tambayoyinku: Ajiye sakamakon umarni a Bash, manhajar karɓar umarni ta Linux

Tambaya: Malam, na rubuta `yau = $(date)` sai Bash ya ce bai san wannan umarnin ba. Ina matsalar take?

Amsa: Tazarar da ka bari a gefen alamar `=` ce. Bash ya ɗauka `yau` sunan umarni ne. Manne su: `yau=$(date)`.

Tambaya: Na ajiye sunan fayil da `f=$(ls -t | head -1)`, na ce `rm $f` don in goge shi. Sai wasu fayiloli biyu suka ɓace, wanda nake son gogewa kuma yana nan daram.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri, amma wannan aikin hannunka ne. Na faɗa har bakina ya gaji: kada a bar bariyabul (sunan da ake ajiye abu a cikinsa, kamar `f`) tsirara, wato babu alamar zance. Idan sunan fayil ɗin `rahoton wata` ne, Bash zai raba shi a wurin tazarar kafin ya miƙa wa `rm`, shi kuma ya ga abubuwa biyu, `rahoton` da `wata`. Ka yi rashin sa'a kana da fayiloli masu waɗannan sunaye. Kuma ka gode wa Allah babu `*` a cikin sunan, da Bash ya faɗaɗa ta zuwa duk sunan da ya dace da ita. `rm` ba shi da kwandon shara da za ka koma ka tono.

Maganin alamar zance ce kawai: `rm -- "$f"`. Haka ma `echo $x` ke murƙushe layuka goma su koma ɗaya, mutum ya zo yana rantsuwa Bash ya cinye masa layi. Suna nan, `echo "$x"` zai nuna su. Abin da `$( )` ke yankewa da gaske shi ne alamar sabon layi da ke can ƙarshe.

Ni ba na barin `rm` ya taɓa bariyabul sai na fara sa `echo` a gabansa na ga abin da zai goge. Sannan ku riƙa bi da aikinku ta ShellCheck, manhajar da ke duba kurakurai a rubutun Bash. Gargaɗinsa na SC2086 kan sakacin barin bariyabul tsirara yake. Shi kuwa tatsar suna daga `ls`, wannan faɗan wata rana ne.

Tambaya: Umarnin ya gaza, amma saƙon kuskuren bai shiga bariyabul ɗina ba.

Amsa: Kuskure ta wata ƙofa yake fita. Rubuta `x=$(umarni 2>&1)`. Idan a cikin fankshin (tarin umarni da aka sa wa suna) ne, kada ka haɗa da `local`, mai taƙaita bariyabul ga fankshin ɗin, a layi ɗaya, domin `$?`, mai nuna ko umarni ya yi nasara, zai ba ka sakamakon `local` ɗin ne, ka zaci komai lafiya.