Yaya ba sakaci ba ne, jan littafi muke dubawa

Yaya na ga saƙonki, wai ya aka yi yaro wata 14 bai fara tafiya ba kuma muna zaune hankali kwance ko mun zama Turawa ne. Wallahi sai da na yi dariya. Toh bari in miki bayanin yadda mu Hausawan da muka daɗe a Ingila muke yi.

Nan kowane jariri ana ba shi wani ɗan littafi mai jan bango, a ciki ake rubuta nauyinsa da tsayinsa da faɗin kansa da alluran rigakafi. Kwana 5 da haihuwa ungozoma za ta ɗan huda dugadugansa ta ɗiga jini a kati a kai gwaji, har sikila suna dubawa, wannan kam mu ya fi shafa. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 wata nas ta biyo ki har gida, sati 6 zuwa 8 likita ya duba ido da zuciya da ƙugu, allurai kuma sati 8, 12, 16 sai shekara ɗaya.

Abin da ya sauya mana tunani shi ne zanen layukan nan na cikin littafin da ake bin nauyin yaro a kansu. Haihuwata ta farko da aka ɗora ta a sikeli na ga ta rame kuka na fashe da shi, nas ɗin ta ce ai yawancin jarirai sai sun ragu a kwanakin farko kafin sati 2 zuwa 3 su mayar, ta ɗiga biro a kan layi ta ce wannan ɗigon za mu bi, in dai yarinya na hawa kan layinta ba ruwanki da ɗan maƙwabciya mai kumatu. Tun daga ranar na daina auna 'ya'yana da na mutane, ko da yake in mun haɗu mu mata har yanzu ba a rasa mai cewa nata ya riga zama, hali zanen dutse.

Tafiya ma haka take, wani wata 10 ya taka wani sai 16 ko 17, duk lafiya lau. In ya cika wata 18 bai taka ba a nan ne za a fara bincike. Namu kuwa yana rarrafe, yana kama kujera ya miƙe ya bi gefenta yana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, jiya ma ya saki hannu ya tsaya cak yana kallona kafin ya zube daɓas.

Keken koyon tafiya da kika ce in saya, nan ba sa son shi, yara na faɗowa daga bene da shi kuma ba ya sa su saurin tafiya. Abin da ba ma wasa da shi ɗigon bitamin D ne kullum, saboda rana ba ta isa nan balle mu masu duhun fata, ƙashin yaro na buƙatarsa. In ya taka zan turo miki bidiyo insha Allah.