Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Ake Murna Da Motar Da Ba A Fara Sayarwa Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni makanike ne a Zariya, kuma yawancin aikina a kan Golf yake. Ƙanena da ke karatu a Jamus ya turo mini hoton wata ƙaramar mota shuɗiya ta kamfanin Volkswagen mai suna ID. 2all, ya ce masoya motoci sun yi ta yabonta lokacin da aka nuna ta, amma ko kana da kuɗin ba za ka same ta a wurin dillali ba. Ta yaya mutane za su yi murna da abin da ba za su iya saya ba, kuma me suka gani a jikinta? Daga mai karatunku a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abin da ƙanenka ya turo maka motar nuni ce, wato samfuri guda da kamfani ke ƙerawa don ya gwada wa jama'a inda ya dosa, ya kuma ji ta bakinsu tun kafin ya zuba kuɗi a masana'anta. An nuna wannan a birnin Hambug na Jamus a watan Maris na 2023. Da lantarki take aiki, tana cikin jinsin ƙananan motocin da ba su da but a ware, waɗanda ƙofar bayansu ke ɗagawa sama tare da gilashin, irin Golf ɗin da kake kwana kana tashi da ita.

Kamfanin ya yi alkawura masu nauyi a ranar. Ya ce farashin wadda za a fitar kasuwa ba zai kai Yuro 25,000 ba, za ta iya yin tafiyar kilomita 450 da caji ɗaya, kuma duk da tsawonta bai wuce mita huɗu da 'yan kai ba, wurin kayanta zai ɗauki lita 490, alhali na Golf ta takwas bai wuce lita 380 da ɗoriya ba. A taƙaice sun ce za ta yi faɗin Golf a ciki, a saye ta a kuɗin Polo, ƙanwar Golf mai araha.

Sai dai a ganina ba waɗannan alƙaluma ne suka motsa zukatan masoya motoci ba. Sai mutum ya san ɓacin ran da ya gabata kafin ya fahimci murnar. Tun da Golf ta takwas ta fito a 2019, aka biyo bayanta da jerin motocin lantarki masu suna ID, direbobi suke ƙorafi cewa kamfanin ya kwashe maɓallan da hannu ya saba da su ya mayar da kusan komai kan allon shafawa. Wurin ƙara sautin rediyo da na daidaita sanyi da ɗumi ya koma wani siririn layi da ake gogawa da yatsa, wanda ko haske ba ya yi da dare, har maɓallan kan sitiyari aka mayar da su na shafawa, ta yadda tafin hannu kan taɓa su bisa kuskure a kan kwana. Kai da ka san Golf ta uku, wadda direba zai murɗa komai nata idonsa na kan titi, za ka gane abin da ya fusata su. Shugaban sashen Volkswagen, Thomas Schäfer, da kansa ya amsa laifin, ya kuma sanar a 2022 cewa maɓallai na gaske za su dawo kan sitiyari. Saboda haka da aka buɗe ID. 2all aka ga jerin maɓallai masu haske a ƙarƙashin allo da abin murɗawa a tsakiya, sai mutane suka ɗauke ta a matsayin ban haƙuri daga kamfanin da ya daɗe yana toshe kunne.

Sannan akwai siffarta. Andreas Mindt, wanda ya baro kamfanin motoci na Bentley ya karɓi shugabancin sashen zane 'yan makonni kafin nan, ya ɗauko ginshiƙin baya mai faɗi daga Golf ta farko, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana ta fito a 1974. Har agogon gudu da ke allon direba ana iya sauya shi ya koma kamannin na tsohuwar Beetle ko na Golf ta farko. Wannan wasa ne kawai, ba ya ƙara wa mota ƙarfi ko ƙarko, amma tsohon da ya koyi tuƙi a waɗancan motoci idan ya gani sai ya yi murmushi, kuma kamfanin ya san da haka sarai. Dama a 2021 sun nuna wata motar nuni mai suna ID. Life a birnin Miyunik wadda aka shirya ta don wannan matsayi, ba ta samu karɓuwar da ake so ba, aka jingine zanenta aka sake lale. Ka ga ke nan surutun masoya motoci ba iska yake bi ba.

Ba kowa ne ya tafa ba, ba shakka. Masu son ƙarar inji da canza giya da hannu sun ce motar da ba ta shan fetur ba za ta taɓa zama magajiyar GTI, wato Golf mai gudu, ba, komai kyawunta. Wasu kuma, waɗanda nake ganin hujjarsu ta fi ƙarfi, sun ce an sha su sun warke. Misalin da suka fi kawowa shi ne na Honda, wadda ta nuna motar nuni mai suna Urban EV a Faranfot a 2017 aka yi ta sambarka, amma da ta shigo kasuwa da sunan Honda e a 2020 sai ga ta da tsada, batirinta kuma da ƙyar yake wuce kilomita 200, masu yabon jiya suka ƙi sa hannu a aljihu, ba a jima ba aka daina ƙera ta. Kamfani yakan ƙawata motar nuni da manyan tayoyi da kayan ciki masu tsada saboda ɗaya tak zai yi, amma idan aka zo yin dubbai sai masu lissafin kuɗi su shigo da almakashinsu. A watan Satumba na 2025 Volkswagen ya sanar cewa wadda za a sayar za ta amsa sunan ID. Polo, kuma a Sifaniya za a riƙa haɗa ta. A kan wannan ce ya kamata ka tambayi ƙanenka ko maɓallan sun tsira kuma nawa aka sa mata.

TAMBAYA: Idan irin waɗannan ƙananan motocin lantarki suka yawaita a Turai, shin su ne za su maye gurbin Golf da muke haya da ita? Daga wani direba a Maraɗi.

AMSA: Malam direba, ba nan kusa ba. Motocin da ke iso mana ta tashar Kwatano sukan yi shekaru masu yawa a hannun Bature kafin su ƙetaro, kuma a motar lantarki batir ne ya fi komai tsada, ga shi yana raguwa da tsufa, zafin rana irin namu kuma ba ya yi masa daɗi. Golf ta uku ta zauna da gindinta a tashoshinmu ne saboda kayan gyaranta na ko'ina kuma kowane gareji ya san cikinta. Kafin wata mai batir ta karɓi layin Maraɗi zuwa Katsina, sai an samu wurin caji mai tsayayyar wuta a hanya da makaniken da ya koyi aiki da lantarki mai ƙarfin da zai iya halaka mutum idan ya taɓa wayar da ba ita ba.