Tambaya da Amsa: Sunan da Ake Kiran Littattafan Addini da Shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a sakandare. Ranar nan muna karatu da 'yan aji biyar muka ci karo da kalmar scripture, na ce musu littafin addini take nufi. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce babansa ya gaya masa Baibul kaɗai ake kira haka, wata yarinya kuma ta ce ita da kunnenta ta ji an kira Alƙur'ani da ita a rediyo. Aji ya kaure da musu, ni kuma na rasa ta cewa. Don Allah mene ne asalin kalmar, kuma muna da takwararta a Hausa?
Daga wata malama

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yaran nan kowa da gaskiyarsa: uban yaron yana maganar jiya, yarinyar tana maganar yau.

Kalmar ta Latin ce, harshen Rumawa. Scriptura suke cewa, ma'anarta rubutu ko abin da aka rubuta, daga aikatau scribere, wato rubutawa. A bakinsu ba ruwanta da ibada. Kai, har harajin da makiyaya ke biya don kiwo a filayen gwamnati scriptura ake ce masa, wani irin jangali ke nan, saboda sai an rubuta dabbobin mutum a rajista. Kiristocin farko masu jin Girkanci su ne suka saba cewa graphe, rubutu, in suna nufin littattafan annabawa. Da aka juya littattafan zuwa Latin, musamman fassarar da Jerome, wani malamin Kirista, ya fara a shekarar 382, sai scriptura ta gaji wannan matsayi. Ta shiga Turanci wajen ƙarni na 14, ta kuma daɗe ba a nufin komai da ita sai Baibul. Daga baya, da Turawa suka shiga nazarin addinan wasu al'ummu, suka faɗaɗa ta ta haɗa da Alƙur'ani da Veda na Hindu da sauransu. Shi ya sa za ki ga in da babban baƙi aka fara ta, galibi Baibul ake nufi, in da ƙarami kuwa, littafin kowane addini.

To, mu dawo gida, don a nan abin ya fi daɗi. Littafi kanta ba haifaffiyar Hausa ba ce, daga al-kitab na Larabci take. Ranar da malaminmu na nazarin harshe ya faɗi haka na ƙi yarda, don ban ga inda littafi da kitab suka yi kama ba. Bai yi musu da ni ba. Alli ya ɗauka ya rubuta lissafi kusa da al-hisab, laifi kusa da al-aib, ya ce in duba. Sai ga shi a fili: an yar da a na farko, l ta manne da kalmar, b ta ƙarshe ta koma f, aka ƙara wasali a ƙarshe don bakin Bahaushe ya fi son rufe kalma da wasali. Irin wannan l ce a labari, lokaci, lahira, liman da lafiya. Masana na ganin waɗannan tsofaffin aro ne da suka shigo ta baki, ba kamar alƙalami da albarka ba, waɗanda suka riƙe al ɗinsu cur.

Shi kuwa kitab daga tushen k-t-b yake. Ibn Faris, masanin lugga da ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, ya ce asalin ma'anar tushen ita ce haɗa abu da abu, shi ya sa ake kiran rundunar mayaƙa katiba. Mai rubutu harafi yake haɗawa da harafi. Girkawa kuwa kartawa suka gani a rubutu, don graphein ɗinsu tun asali yana nufin zana abu a kan dutse ko itace.

Amma fa akwai abin da nake so ki lura da shi, don shi ne ya sa ban cika son a fassara Alƙur'ani da scripture kai tsaye ba. Alƙur'ani ya kira kansa Littafi tun a aya ta 2 ta Suratul Baƙara, ya kuma kira Yahudu da Nasara Ahlul Kitabi. Sai dai sunan da ya fi shahara da shi ba daga rubutu ya fito ba, daga tushen ƙ-r-' yake, karantawa da baki, tushen da ya ba mu kalmar karatu. Kundin takardun da muke ɗauka a hannu sunansa daban, Mus'hafi, daga suhuf, wato shafuka. Tarihi ma haka ya zo: ana haddace shi ana rubuta shi a warwatse, sai bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu bin Sabit ya tattara shi wuri guda. Saboda haka kalmar da ke cewa rubutu kawai ta kama rabi ta bar rabi.

Yahudawa ma suna da irin waɗannan sunaye biyu, kuma da yake Ibrananci ɗan uwan Larabci ne, tushen ɗaya ne. Suna kiran littafinsu Mikra, abin karantawa, sannan kashi na uku na cikinsa Ketuvim, rubuce-rubuce. Attaura a harshensu koyarwa take nufi. Hindu kuwa suna kiran Veda da shruti, abin da aka ji.

Baibul daga ta biblia ne na Girkanci, ma'ana littattafai, jam'i. Daidai ne kuwa, don tarin littattafai ne, 66 a wajen Furotesta, 73 a wajen Katolika. Tushen kalmar biblos ne, wato takardar da ake yi a da can da ciyawar papirus, ana kuma danganta sunan da garin Biblos na bakin teku, Jubail ta ƙasar Lebanon a yau, inda ake fataucinta a wancan zamani. Linjila ma, in aka bi sawunta, daga al-Injil take, shi kuma daga euangelion na Girkanci, labari mai daɗi, abin da Hausawa Kirista ke kira Bishara. Ga l ɗin nan ta sake fitowa a Linjila.

Batun takwara kuwa, ba mu da kalma ɗaya tilo da ta rufe duka. Littafi Mai Tsarki shi ne sunan da cikakkiyar fassarar Baibul ta Hausa ta fito da shi a 1932, kuma ya zauna a kanta, don haka in kika yi amfani da shi ga Alƙur'ani za a ɗauka kin yi tuntuɓen harshe. Musulmi saukakkun littattafai suke cewa in suna nufin Attaura, Zabura, Linjila da Alƙur'ani, amma wannan ba ta ɗaukar Veda. Wadda ta fi kusa a ganina ita ce nassi, daga nass na Larabci, magana bayyananniya da ake kafa hujja da ita. Malamin fiƙihu zai ce babu ijtihadi inda akwai nassi, fasto ma zai ce Nassi ya ce. Sai dai a wajen Musulmi nassi ya haɗa har da hadisi.

In ni ne a gaban ajin, zan ce musu littattafan addini in ana magana a dunƙule, nassi in aya ake jawowa. Sannan ki ba su aikin gida, kowa ya kawo kalmomi biyar masu farawa da l da suka fito daga Larabci. Wani zai kawo miki lauya, kada ki karɓa, wannan ta Turawa ce.